Cikon Bencin Ajinmu

"Ku ajiye ni," in ji Baba. "Ba a kira suna ba tukuna."

Mu huɗu ne muke riƙe da shi, biyu ta kai, biyu ta ƙafa, ga baro an gangaro da shi har ƙofar aji. Yanzun nan ya sulale daga kan benci ya zube ƙasa, leɓensa ya yi fari, gumi ya jiƙa masa riga, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"Baba, asibiti za mu kai ka," in ji Malama. Yarinya ce, shekararta ɗaya da fara aiki, ba ta taɓa ganin ɗalibi ya faɗi a gabanta ba.

"Asibitin guduwa zai yi? Kira suna, 'yar nan. Kada a wayi gari a ce ranar Talata mutum goma sha ɗaya ne suka zo."

Haka Malama ta buɗe rajista a tsaye, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, muna amsawa muna nishi saboda nauyinsa. Da ta zo kansa sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ina nan." Sannan ya lumshe ido ya ce mana, "To, yanzu ku kwashi kayanku."

Baba maƙwabcina ne. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma iyakarta ƙirjina. Shi ya haƙa rijiyoyin ƙauyenmu duka goma sha huɗu, kuma har ya tsufa in ka tambaye shi zai gaya maka zurfin kowace da irin ƙasar da ya tarar a cikinta. Karatu kuwa ko harafi ɗaya bai sani ba, bai kuma taɓa neman ya sani ba.

Shekara biyu da suka wuce masu ƙidaya suka zo mana da manyan takardu. Suka tarar da mu ɗari uku da goma sha takwas, har da jinjirai, don matasa sun tafi birni sun bar mana gonaki da jikoki. Masu iya karatu aka samu arba'in da ɗaya, akasarinsu yaran firamare. Baba kullum cewa yake arba'in ne, mu kuma muna cewa tsufa ne ya fara taɓa masa lissafi.

Dalilin wannan ƙidaya aka ba mu ajin manya, sau uku a mako, da yamma, a ɗakin 'yan aji ɗaya bayan yara sun tashi. Amma da sharaɗi: ɗalibai kada su gaza goma sha biyu. In sun gaza, a rufe, a mayar da Malama wani ƙauye. Muka bi gida-gida muka samu goma sha ɗaya, mata tara, maza biyu. Sauran mazan kowa ya ce gona ba ta bari, alhali kunya ce kawai, ba sa son matansu su ga sun riƙe fensir kamar wanda ya kama wutsiyar ƙadangare. Ranar da za a rufe rajista sai ga Baba da sandarsa.

"Ni ban zo karatu ba," ya ce wa Malama. "Na zo a ƙirga ni. Rubuta cikon benci."

Sunan kuwa ya bi shi. Yana zama ƙarshen benci na baya, jikin taga, ya amsa suna, ya jingina kai da bango, ya yi barcinsa. In an tashi sai ya buɗe ido ya ce, "Yau kam mun sha wuya." Wata takwas bai yi fashi ba ko sau ɗaya.

Ni kuwa albasa ce ta kai ni aji. Ina da lambu a bakin rafi, da shi nake ciyar da 'ya'yana huɗu tun da babansu ya tafi neman kuɗi ya zama baƙon sau biyu a shekara. Shekara uku ke nan, tsutsa ta kama mini albasa, na sayo magani a kasuwa, na kai wa Na-Birni ya karanta mini. Na-Birni dattijo ne, abokin Baba tun suna yara. Ya yi shekara goma sha biyar yana gadi a birni, ya dawo da tabarau da jakar hannu da iya magana, kowa ya samu takarda wurinsa yake kaiwa. Ya karɓi kwalbar, ya nesanta ta, ya kusanto ta, ya gyaɗa kai ya ce, "Murfi biyu a tanki ɗaya." Na fesa. Kwana uku albasa ta yi ɗorawa ta kwanta kaf. Ashe maganin ciyawa ne. Na-Birni ya ce kwalbar ce ta jabu, ni kuma na je kasuwa na wanke mai shagon tas a gaban jama'a. Tun daga ranar na rantse ba mai sake karanta mini kwalba.

Yanzu ina iya karanta manyan baƙaƙe, a hankali, ina bi da yatsa. Ƙananan nan na bayan kwalba, masu kama da tururuwa, suna littafi na biyu, shi kuwa sai nan da wata huɗu za mu gama shi. In aka rufe aji, na gaba yana can cikin gari, tafiyar awa biyu a mota. Wa zai bar lambu da yara ya je?

Likita ya ce zuciyar Baba ce ta gaji. Ya ja Auta gefe, 'yarsa da ke zaune da shi, ya ce ta mayar da shi gida, ta ba shi duk abin da yake so. Washegari Malama ta zo dubiya a kan babur ɗinta, ta zauna bakin gado tana murza gefen mayafi, sannan ta ce Sufeton makarantu zai zo ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Shi ba ya yarda da rajista, da idonsa yake ƙirga kawuna.

"Kwana nawa ke nan?" in ji Baba.

"Takwas."

"To fa."

Na ce, "Baba, baro yana nan. Mu shimfiɗa maka bargo mu tura ka, ka ce ina nan, mu dawo da kai."

"In na kai, Mai Albasa. Amma ni na san rijiyar da ta kusa ƙafewa, guga yana taɓa ƙasa. A nemo wanda zai gaje ni."

Daga ranar ɗakin Baba ya koma ofishin ɗaukar ma'aikata. Ɗaki ne ƙarami, gadon ƙarfe ya cinye rabinsa. A ƙarƙashin gadon ga tsohuwar igiyarsa a naɗe, da guntun gatari, da gugan da ya sha faci. Rediyonsa na kan taga, an ɗaure bayansa da roba. Auta ta tokara masa filo uku, ya zauna kamar alƙali, yana aika ta ta kira masa maza ɗaya-ɗaya.

Mahauci ne ya fara zuwa, ya tsuguna ya gaishe shi.

"Aikin ba wuya," in ji Baba. "Ka zauna, ka ce ina nan, ka yi barci. Wata takwas ina yi, ko ciwon baya ban taɓa yi ba."

"Baba, ai matata tana ajin."

"Sai me? Cizo take yi?"

"In Malama ta tambaye ni abu na kasa, ita ta amsa, ina zan sa kaina a gida?"

"Yanzu ma ai ita ke amsawa a gidan."

Mahauci ya yi dariya, ya bar masa hanta rabin kilo, ya sulale. Mai injin niƙa ya ce ƙarar inji ta toshe masa kunne, ko an kira suna ba zai ji ba. Baba ya ce ƙasa-ƙasa, "Auta, ba shi ragowar hantar nan," sai ga mutumin ya miƙo hannu. Haka aka yi ta yi har mutum tara. Kowa ya zo da ɗan abin dubiya, ya sha dariya, ya tafi da uzurinsa. Baba ya ce bai taɓa sanin rashin lafiya na da riba haka ba, da tuni ya kwanta.

Ni ke ba shi magani da safe, don Auta ba ta da karatu, ni kuwa na samu wurin gwada nawa. In ɗauki kwalin in bi da yatsa.

"Ƙwa-ya ɗa-ya, sau u-ku a ra-na, ba-yan cin a-bin-ci."

"Bayan cin abinci ya ce?"

"Haka ya ce."

"To ban ci ba, kin ga ba laifina."

"Baba, buɗe bakinka, ko in kira Malama ta sa maka jan biro."

Sai ya buɗe. Wata rana bayan ya haɗiye ya dube ni ya ce, "Wato duk wannan maganar tana cikin ɗan kwalin nan, ke kuma kika ciro ta." Na ce e. Ya girgiza kai ya ce, "Haƙa ce wannan ma." Na ji daɗin maganar nan har cikin raina, na wuni ina tuna ta a lambu.

Ranar Lahadi da rana ina wanki a gindin katanga, daidai tagar ɗakinsa, sai na ji sallamar Na-Birni. Ba laɓe na yi ba, wanki nake, magana ta tarar da ni. Suka gaisa, suka taɓa zolayar da suka saba, wannan ya ce wancan ya rame, wancan ya ce wannan ya fi shi kama da mara lafiya. Can sai Baba ya ce:

"Sa tabaranka ka karanta mini kwalin nan."

"Hasken ɗakin nan bai isa ba."

"Rana tsaka ce, ƙanena."

"Bari in kira wani yaro ya karanta, in ji ko suna koyon abin kirki a makarantar nan."

"Mu biyu ne. Auta ta tafi ɗibar ruwa. Ajiye kwalin."

Hannuna ya tsaya a cikin kumfa.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Na-Birni. Muryar ba irin wadda muka sani ba ce.

"Tun shekarar da ka dawo. Ni ban iya ba, amma ina kallon masu iyawa. Mai karatu idonsa tafiya yake, daga nan zuwa can, ya dawo. Naka tsayawa yake wuri ɗaya."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Na faɗa mana. Kullum ina cewa arba'in ne, ba wanda ya tambaye ni wa na cire."

Na-Birni ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ya ce ranar da ya sauka daga mota da tabarau, wata tsohuwa ta miƙa masa wasiƙa a gaban mutane, ya ji kunyar cewa shekara goma sha biyar a birni ƙofa kawai ya iya buɗewa. Ya kira wani yaro ya ce karanta in gwada ka, yaron ya karanta, shi kuma ya maimaita da babbar murya. Shi ke nan, abu ya zama aiki.

Sai a lokacin na tuna. Ranar da na kai masa kwalbata da hantsi ne, yara duk suna makaranta.

"Ga abin da nake so," in ji Baba. "Ka zauna a wurina. Ka gaya wa kowa alfarma ka yi mini, kai ma cikon benci ne. Wa zai ce komai? Kowa ya san ka iya. Sai ka zauna jikin taga, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe kunne biyu."

"A shekaruna?"

"Na girme ka da huɗu."

"In zauna aji ɗaya da matar da na ƙona wa albasa? Shekara uku ba na bin hanyar lambunta. In na hango ta a kasuwa, layin masu kifi nake bi, ni da ko warinsa ba na so."

"To ka ga ka samu hanyar biyanta."

"Ba zan iya ba, Yaya. Ka sha maganinka."

Na ji ƙarar takalminsa har ya fita zaure. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Ban tsaya zagayawa ta ƙofa ba, na taka turmi na haura katangar nan da zane jiƙaƙƙe a hannu, na faɗa ɗakin Baba ko sallama babu.

"Sannu da wanki," ya ce.

"Ka san ina nan."

"Ni na gina katangar, na san tsawonta. Kuma ke kaɗai ce a ƙauyen nan kike wanki kina huci."

"Wallahi sai na tona shi. Sai kowa ya ji. Albasar shekara guda, Baba. Yarana sun yi wata biyu ba takalmi. Ga bawan Allah mai shago da na zage a banza."

"Ki tona shi. Gaskiyarki ce." Ya numfasa, don magana ta fara yi masa nauyi. "In kin gama, albasa ta tashi tsaye, aji kuma ya cika goma sha biyu."

"Ai ya ce ba zai zo ba."

"Ya ce ba zai iya ba. Haka yake cewa muna yara in za mu tsallake rafi, sai ya ga na tsallake tukuna." Ya nuna zanen da ke hannuna. "Kina jiƙa mini ɗaki."

Na fita ina ƙunƙuni, ta ƙofa wannan karon. Kwana biyu maganar tana cina. Sau uku na buɗe baki a bakin rijiya zan faɗa wa mata, sau uku na haɗiye. Ba don na yafe ba. Kawai in na tuna muryar nan da na ji ta taga, sai abin ya ƙi fita.

Ranar Talata da safe Baba ya ce a fitar da shi ya sha hantsi. Ni da Auta muka kama shi muka zaunar a kujerarsa ta ƙofar gida, muka rufa masa bargo a gwiwa. Masu tafiya gona suna wucewa da fartanya a kafaɗa, kowa ya tsaya ya gaishe shi, shi kuma yana rabon magana. Ya ce wa wani masararsa ta fi shi tsayi da hankali. Ya ce wa wata ta daina jefa guga da ƙarfi, rijiyar tasa ba jaka ba ce. Ya sha shayi rabin kofi, ya ce sukarin Auta kullum kamar da awo take sakawa.

"Yau akwai aji ko?" ya tambaye ni.

"Akwai."

"Ki ce wa Malama na ɗan makara."

Ya jingina kai da bango ya lumshe ido. Na zauna kusa da shi ina gyaran irin albasa a faifai, Auta tana shara. Mun kai rabin awa muna hira ƙasa-ƙasa don kada mu tashe shi, saboda barcin nan mun san shi, irin na aji ne, baki a ɗan buɗe, hannu a kan sanda. Sai da kofin ya gangaro daga cinyarsa bai motsa ba, sannan Auta ta ajiye tsintsiya.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na yi kukan maƙwabci, na yi na uba, kuma don gaskiya har da na aji. Da yamma aka kai shi makwancinsa. Ƙauye kaf ya fito, waɗanda suka ƙi zama a bencinsa su ne a gaba wajen ɗaukarsa. An ce Na-Birni bai ce uffan ba har aka watse, abin da ba a taɓa gani ba.

Ranar Alhamis muka share aji, muka goge allo, muka zauna mu goma sha ɗaya kamar masu jiran hukunci. Matar mahauci ta ce mu bazu a kan bencina ko ma yi yawa a ido. Sufeto ya iso a wata farar mota da ta sha laka. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, da ganinsa ya ga dabarar ƙauye iri-iri. Ya tsaya gaban allo ya ƙirga mu da bakin biro, ya sake ƙirgawa.

"Goma sha ɗaya."

"Yallaɓai, shekaranjiya aka yi mana rasuwa," in ji Malama.

"Allah ya jiƙansa. Na ji a hanya. Amma ni takarda aka ba ni, takardar kuma goma sha biyu ta ce."

Ya buɗe jakarsa ke nan sai muka ji gyaran murya a ƙofa. Na-Birni ne, cikin rigarsa ta zuwa biki, an goge ta har tana ɗaukar ido, tabarau a hanci. A bayansa ga mahauci da mai injin niƙa da wasu 'yan kallo sun biyo shi, sun tsaya ta taga.

"Ranka ya daɗe, a rubuta ni," ya ce da babbar muryar nan tasa. "Marigayi abokina ne, ya bar mini wasiyyar wurinsa. Kowa a nan ya san ni ba buƙata nake da ita ba, cikon benci ne kawai."

Muka saki ajiyar zuciya. Malama har ta ɗauki biro. Sufeto ya ɗaga hannu.

"Dakata. Baba, ka iya karatu?"

"Ai shi ne mai karanta mana takardu," in ji mahauci ta taga, yana taimako.

"To ba za a ƙirga shi ba. Ajin na waɗanda ba su iya ba ne. In da haka ake yi, da kowane ƙauye ya kwaso malaman firamare ya cika benci." Ya juya ga Na-Birni. "Ina tambayarka da bakinka. Ka iya ko ba ka iya ba?"

Ina zaune a benci na gaba, ina kallon Na-Birni. Ya dubi taga, ya dubi wurin Baba, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ban iya ba," ya ce.

Wata a bayana ta zungure ni da gwiwar hannu. Mahauci ya toshe baki da hula. Kowa ya ɗauka dattijo ya shirga ƙarya ne don ya ceci aji, ana ta kashe wa juna ido. Sufeto ya lura, ya ɗaure fuska, ya zaro littafi na ɗaya ya buɗe shafin farko ya miƙa masa.

"Wannan wane harafi ne?"

Na-Birni ya duba. Idonsa ya tsaya wuri ɗaya, yadda Baba ya faɗa. Littafin yana rawa a hannunsa.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Kai, mutumin nan ya iya wasa," wani ya raɗa ta taga. "Dubi har da rawar hannu."

Sufeto bai gamsu ba. Ya ce, "Wace ce shugabar aji?" Aka nuna ni. Na miƙe. "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah ki gaya mini. Mutumin nan ya iya karatu?"

Na-Birni bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Shekara uku ina tanadin maganar da zan gaya wa wanda ya kashe mini albasa, ga shi an ba ni fili, ga jama'a.

"Yallaɓai, bai iya ba," na ce. "Ni shaida ce. Na taɓa kai masa kwalbar maganin ciyawa ya ce mini na tsutsa ne, murfi biyu a tanki. In kana so in kai ka lambun ka ga wurin."

Dariyar da ake dannewa ta ƙwace wa mutane. Matar mahauci ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Ga su nan suna jinjina mini, wai na iya ɗaura ƙarya a kan tsohon labari. Sufeto ya dube ni, ya dubi dattijon, ya daɗe yana dubansa. Ban san abin da ya gani ba. Ya karɓi littafinsa a hankali ya ce, "Malama, rubuta shi. Goma sha biyu." Sannan ya ce wa Na-Birni, "Zauna, Baba. Ba a makara ba."

Da zai wuce zuwa benci na baya, sai da ya bi ta gabana. Nan ne ya ɗago ido muka dubi juna, ya gane na sani, na gane ya gane. Na matsar da ƙafata ya wuce.

Bayan motar ta tafi aka rufe shi da shewa da tafi. Mahauci ya ce ko shi da ya san gaskiya saura kaɗan ya yarda. Na-Birni ya mayar da tabarau, ya gyara riga, ya ce ai zaman birni ba wasa ba ne. Har yau a ƙauyenmu in ana labarin wayo, sai an kawo ranar da ni da shi muka yi wa Sufeto dabara. Ni kuwa in aka tambaye ni sai in ce ai ba komai, gaskiya kawai muka faɗa, su kuma su sake fashewa da dariya.

Yana zuwa aji, bai taɓa fashi ba. Yana amsa suna, ya jingina kai da bango, ya lumshe ido. Malama ta ce in ya ga dama ya riƙa taimaka mata da gyaran rubutunmu, ya ce a'a, shi alƙawarin barci ya ɗauka, ba zai saɓa wa marigayi ba.

Wajen mako uku bayan haka na fito da sassafe zan tafi ban ruwa, na yanke ta bayan makaranta don ta fi kusa. Raɓa ba ta bushe ba, yara ba su fara zuwa ba. Sai na hango shi tsugune a gindin bangon ajinmu, ya ba hanya baya. Ya share ƙasa da tafin hannu ta yi sumul, yana riƙe da ɗan tsinke. Ya ja layi ɗaya a tsaye, ya tsaya, ya yi masa ciki a gefe, ya karkata kai yana dubawa, leɓensa na motsi. Ya goge, ya sake.

Bokitina yana da mariƙi mai ƙara. Na rungume shi a ƙirji, na koma da baya a hankali, na bi doguwar hanya ta cikin masara.